Kujerar Taga da Na Ba Surukina

Da sunan Allah nake farawa, kuma gafararSa nake nema. Ni ba marubuci ba ne. Sunana Murtala, hatsi nake saye a kasuwannin Faskari da Sabuwa ina kaiwa Funtuwa, karatuna na boko kuwa da ƙyar ya kai ƙarshen sakandare. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne, mutane a garinmu Ruwan Godiya sun yi ta tare ni suna tambayar ta wane ejan na bi na kai surukina Umra, su ma suna son kai tsofaffinsu. Ina ba su amsa a tsaye a bakin kasuwa, in yi maganar biza da masauki, in haɗiye abin da ya fi kamata su ji. Ga shi nan yanzu gaba ɗaya. Na canza sunaye, kuma sai da surukata Hajiya Dije ta ba ni izini kafin na ɗauki biro, don a ciki akwai abin da ba a saba faɗa a kan dattijo ba.

Surukina Baba Malam Iro manomi ne a Ketare. Matata Rabi ita ce 'yarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunanta ba. Har ta haihu ta sake haihuwa, "yarinyar nan" yake ce mata. Ni kuma "Malam" yake ce mani, alhali ban san abin da zan koya wa kowa ba. Tun da na auri Rabi ban taɓa ganin lomarsa ba, shi ma bai taɓa ganin tawa ba. In na je gaishe shi, tun daga ƙofar zaure nake cire takalmi, in durƙusa nesa, mu gaisa kowa na kallon ƙasa. Haka muka taso muka iske ana yi, kuma ina alfahari da cewa ban taɓa karya wannan ba.

Shekarar da masara ta yi kuɗi na ce zan kai shi Umra. Ba zan yi ƙarya in ce niyyata duka don Allah ce ba. Akwai son lada, akwai kuma son a ce Murtala ya kai surukinsa Makka. Ejan ɗin da na samu yana haɗa mutane ayari guda, da jagora mai riƙe da tuta, shi ke kula da mota da masauki da ziyara. Ya ce jirgi iri biyu ne, akwai mai tafiya kai tsaye, akwai mai sauƙin kuɗi wanda ke "'yar tsayawa" a Adis Ababa. Ban tambaye shi tsawon 'yar tsayawar ba. Na ɗauki mai sauƙin, rarar kuma na ware ta don tsaraba. Ban kai Baba wurin likita ya duba shi ba kafin tafiya, don a ganina mutumin da ke wuni a gona da fartanya ba ya buƙatar likita.

Da muka shiga jirgi a Kano, sai na ga lambar Baba ta faɗa kujerar bakin hanya, inda ake ta wucewa ana gogar kafaɗarsa, tawa kuma tana jikin taga. Na ga bai dace ba. Ta yaya ni zan zauna wuri mai kyau ina kallon gajimare, dattijo yana bakin hanya? Na rusuna na ce, "Baba, ga wurinka can ciki." Ya shiga, na zauna kusa da shi ta bakin hanyar. A raina girmama shi na yi. Ban lura da cewa na rufe shi ba ne. In zai tashi, sai ya taɓa ni ko ya tsallake ni.

Da aka kawo abinci ya ɗaga hannu ya ce, "Alhamdu lillahi." Aka kawo ruwa, ya sake ɗaga hannu. Na ce a raina kunya ce, ba zai ci a gabana ba. Maimakon in tashi in ba shi wuri, sai na juya mashi baya na cinye nawa, na haɗa da nashi, na yi barci.

A ƙasa mai tsarki ba ni da abin cewa sai godiya. Na ga Baba ya tsaya gaban Ka'aba hawaye na bin gemunsa, ya kasa ko addu'a. Wannan tsayuwar kaɗai ba zan taɓa nadamarta ba. Amma tafiyar ayari gaggawa gare ta. Jagora yana gaba da tutarsa yana cewa mota ba ta jiran kowa, tsofaffi na biye suna haki. An ce a ɗaukar wa Baba keken turawa wajen Safa da Marwa, ya ƙi, ni ma ban matsa ba. In ba a kan ƙafa ake ba, to ana cikin motar ziyara a ƙudundune. Ya rame, amma kullum na gaishe shi amsa ɗaya ce: "Lahiya lau, Malam."

A dawowa ne 'yar tsayawar ta nuna mamu ko ita wace ce. Mun wuni, mun kwana, mun sake ganin hantsi a kan kujerun ƙarfe, ga sanyin wurin kamar a cikin randa. Jagora ya tattara fasfo ɗinmu, ya tara mu a ƙofa guda, ya ce kada wanda ya yi nisa don kada a ɓace. Ya dubi Baba ya ce, "Baba, ka zauna nan, kada ka motsa sai na dawo." Magana ce ta bakin aiki, shi kansa ya manta ya faɗa. Baba kuwa ya ɗauke ta umarni. Ni kuma na jibge jakunkunan hannu a gabansa na tafi yawon shaguna, ina kallon agoguna da turaren da ba zan iya saye ba, ina ɗaukar hoto ina tura wa abokai.

Sau ɗaya ya nemi wani abu a wurina. Na dawo daga yawona, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Malam, mutanen nan suna da buta kuwa?" Na ce bari in duba. Na tafi, na haɗu da wani ɗan Kankara muka kama hirar farashin taki, maganar buta ta fita daga kaina. Sai daga baya na gane cewa wannan tambayar ita ce iyakar abin da bakinsa zai iya furtawa a gabana. Sallolinsa ma a zaune ya yi su, da alwalar da yake ta tattali.

Muka hau jirgi na biyu, na sake ba shi taga. Daga Kano muka ɗauki shatar mota zuwa Ketare, direba ya ce ba zai tsaya ko'ina ba, yana son ya kai mu ya juyo da sauran rana, kowa ya san halin da hanyarmu take ciki. Na sauke Baba a ƙofar gida ana ta guɗa, na ga yana ɗan jan ƙafar hagu. Na ce zama ne.

Satin farko ya tafi a barka da dawowa. Baba yana zaune a kan buzu a zaure tun safe, ƙafafu a naɗe ƙarƙashin babbar riga, yana miƙa wa mutane dabino da ruwan Zamzam. Hajiya Dije ce ta fara lura cewa takalminsa na hagu ya daina shiga, ƙwaurin ya kumbura ya yi zafi kamar an ɗora shi a murhu. Ba ta iya faɗa mani kai tsaye ba. Ta faɗa wa ƙanwarta, ƙanwar ta faɗa wa Rabi, Rabi ta faɗa mani. Kafin maganar ta iso kunnena ta koma "ƙafa na ɗan damun Baba". Na aika da man zafin da na sayo a Makka. A satin akwai cin kasuwa har biyu da ban so su wuce ni, kuma ban bari sun wuce ni ba.

A sati na biyu 'yan'uwa suka fara kawo shawara. Wasu suka ce gajiyar ɗawafi ce. Wasu suka ce sanyin jirgi ne ya shige shi. Wata tsohuwa ta ce bakin mutane ne, an cika maganar tafiyar. Ƙanen surukina, Baba Ado, wanda shi ne babba a gidan bayan shi, ya ce mataccen jini ne, a kira wanzami ya yi ƙaho, a bi da tausa. Ranar da aka yi ina nan. Ina zaune a waje jikin katanga, don ba zan shiga in ga ƙafar surukina a buɗe ba. Ina jin mai tausar yana cewa, "Daure, Malam, sama nake tura shi ya watse." Ina jin Baba yana salati ƙasa-ƙasa. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ban hana ba. Ni ne ma na sallami wanzamin da mai tausar, na ƙara masu da goro.

Ba a yi kwana biyu ba Rabi ta kira ni ina kan awo. Baba ya tashi zai yi alwalar azahar ya zube. Da na isa na iske shi jingine da Baba Ado, yana jan numfashi kamar wanda ya yi gudu, hannunsa dafe da ƙirji. Ya yi tari, na ga jini a bakin rigarsa. Duk da haka da ya gan ni sai ya ja rigar ya rufe ƙafarsa.

Asibitin da ya fi kusa da mu muka fara kai shi. Suka sa mashi iskar numfashi, suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, suka tura mu babban asibiti a birni. Can muka iske babu gado. Baba ya wuni a kan gadon turawa a baranda, ni kuma ina gudu tsakanin layin kati da layin biya da layin hoto, kowace taga ka je a ce ba nan ba ne. Ban san akwai mutane marasa lafiya da yawa haka a duniya ba. Sai da yamma wata nas, Allah Ya saka mata, ta samo mashi gado a ɗakin maza.

Likitan da ya karɓe shi ba mai yawan magana ba ne. Ya duba hoton ƙafa da na ƙirji, ya kira ni gefe.

"Kai ne ɗansa?"

"Surukinsa ne, likita."

"Ya yi doguwar tafiya kwanan nan?"

Na ba shi labarin Umra da tsayawar da muka yi.

"A cikin jirgin yana tashi yana ɗan takawa?"

Na ce a'a.

"Yana shan ruwa?"

Na ce ko kurɓa bai yi ba.

"An taɓa ƙafar bayan ta kumbura?"

Na ce an yi ƙaho, an yi tausa. Ya cire tabarau ya murza idonsa. Bai yi mani faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Jini in bai yi tafiya ba, daskarewa yake." Ya ce zaman da Baba ya yi ba motsi ba ruwa shi ya sa jini ya yi guda a jijiyar ƙafarsa. Gudan nan ya ɓalle, wataƙila tausar ce ta taimaka mashi, ya bi jini ya je ya toshe hanya a huhu. Ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu, amma an kawo shi a makare.

A ɗakin maza ba a barin mace ta kwana. Hajiya da Rabi sai lokacin ziyara suke shigowa. 'Ya'yan Baba manya duk mata ne, Baba Ado kuma tsufa da shanu ba za su bar shi ya tare a birni ba. Jinya ta faɗo kaina. Na shimfiɗa tabarmata a ƙasa kusa da gadon, mutumin da ban taɓa zama kusa da shi ba sai a jirgi.

Likita ya hana shi sauka daga gado. Aka ba ni wata roba mai dogon wuya ta fitsari, aka ce nas za ta riƙa duba abin da ya yi. Kwana ya zagayo robar nan a bushe. In na miƙa mashi ruwa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Alhamdu lillahi." In Hajiya ta zo ziyara na fita, sai ya ɗan kurɓa, ya yi abin da zai yi a gaggauce, daga nan kuma sai gobe. Leɓunansa suka tsage. Likita ya zo zagaye ya ce in aka ci gaba a haka ƙodarsa za ta tsaya kafin huhun ya warke. Ya yi wa Baba magana, Baba ya ce to. Likita na fita aka koma gidan jiya. Na rasa yadda zan yi. Na nemi wanda zan biya ya zauna a madadina, Baba ya aiko ta bakin Hajiya cewa baƙo ba zai taɓa shi ba.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani dattijo, Alhaji Sale, mutumin Sabuwa, tsohon direban tirela da ciwon suga ya cinye wa yatsun ƙafa. Bakinsa ba ya hutawa, har nas-nas tsokana yake. Ya kwana biyu yana kallonmu, rannan ya yafito ni.

"Kai, zo nan. Mi ke tsakaninka da dattijon nan? Na ga kana ba shi ruwa kamar mai ba zaki nama."

"Surukina ne, Alhaji."

"La ilaha illallahu. Ɗiyar fari?"

"Ita ce."

"To wa ya haɗa wannan aikin? Ko maƙiyi sai haka." Ya juya wajen Baba. "Malam, ina gaisuwa. Ka gahwarce ni, ni direba ne, ba a koya mamu ladabi ba. Nan ba zaure ba ne. Duk wanda ka gani kwance a ɗakin nan ya bar kunyarshi wajen mai gadi. In an sallame ka sai ka biya ka amshi abarka, ba mai taɓa maka ita. Ni nan da ka gani, wanda ke ɗauke mani tasa ƙanen matata ne, da can ko gaisuwar kirki ba ya yi mani, yanzu ya san ni fiye da uwata."

Na ga gemun Baba ya motsa. Alhaji Sale ya ce da ni, "Ni zan juya bango in yi barcin ƙarya. Kai kuma ka buɗe baki ka yi magana, ba a jinya da sunkuyar da kai."

Na durƙusa a gefen gadon. Ban taɓa yi wa Baba magana mai tsawo ba. Na ce, "Baba, ni na jawo maka wannan. Na rufe ka a jikin taga na yi barci. Ka tambaye ni buta na manta. An yi maka tausa ina zaune a waje. In ka ƙi shan ruwa saboda ni, ka ƙara mani wani a kan waɗanda nake ɗauke da su. Ka dubi Allah ka ɗauke ni ɗa, ko na kwanakin nan ne."

Ina jin ƙarar iskar da ke hancinsa. Sannan ya ce, yana tsayawa yana jan numfashi, "A jirgin nan, tun muna bisa ruwa na so in tashi. Na duba, kana barci. In taɓa ka? In ɗaga ƙahwa in tsallake mijin ɗiyata?" Ya sake jan numfashi. "Ba laihinka ba ne kai kaɗai, Malam. Ni ma da baki gare ni."

Ya dubi rufin ɗakin, ya ce, "Jawo labulen."

Na jawo. Daga bayan labule muka ji Alhaji Sale yana cewa, "Ni dai barci nake."

Daga ranar jinya ta zama jinya. Ina ba shi ruwa da kunu a baki, ina ɗaga rigarsa a yi mashi allurar da ake yi kusa da cibiya, ina goge mashi jiki, ina juya shi, ina zubar da abin da za a zubar. Da farko idonsa a rufe yake yi har in gama. Daga baya ya fara yi mani gyara, ya ce ruwan ya yi zafi, ko na cika gaggawa kamar mai awon masara. Allurar nan tsada gare ta, kuma sau da yawa babu ita a kantin asibitin, sai na fita gari nema. Masarar da na ajiye don damina ta tafi, babur ɗina ya bi ta. Rarar da na yi murnar samu a tikiti ko kwanakin farko ba za ta riƙe ba. Mutanen Ketare sun yi abin kirki, sun yi karo-karo sun aiko, wata mata mai sayar da abinci a bakin asibiti kuma ta riƙa ƙara mani miya ba tare da na roƙa ba. Na kira ejan na faɗa mashi abin da ya faru. Ya ce Allah Ya ba shi lafiya, sannan ya ce in akwai masu son tafiya a azumi in turo su da wuri. Ban zage shi ba, don bai ɓoye mani komai ba, ni ne ban tambaya ba.

A sati na uku a asibiti aka cire mashi iskar. Ya fara takawa zuwa ƙofa yana dafe da kafaɗata, Alhaji Sale na yi mamu kirarin ango da amarya. Shi Alhaji Salen aka riga sallama, ya tafi a kan keken turawa yana yi wa kowa tsiya, kuma ban sake jin labarinsa ba. In yana raye Allah Ya ƙara mashi lafiya.

Ranar da za mu fita likita ya ba mu ƙwayoyin tsinka jini, ya ce a riƙa kawo shi gwaji, kada a yi mashi ƙaho, ko aski a yi hankali, don in ya yanke jinin ba zai tsaya da wuri ba. Ya kuma ja ni gefe ya ce gudan ya wahalar da zuciyar Baba, ba za ta koma kamar da ba. Na tambaye shi abin da ya kamata in yi tun farko. Abin da ya faɗa mani, da wanda na gani da idona, shi nake so mai karatu ya riƙe.

Kafin ka biya wa tsoho kuɗin tafiya, kai shi likita, ka faɗi tsawon tafiyar. Ka tambayi ejan awa nawa za a yi a inda za a tsaya, kada ka yarda da "kaɗan". In da hali ka ɗauki jirgin da ba ya tsayawa. Ka zaunar da tsohonka a bakin hanya, ba a taga ba. Kada ka jira ya ce yana son ruwa ko bayi, ba zai ce ba. Kai za ka tashi ka ce kana son miƙe ƙafa, ya raka ka. Ka sa 'yar buta ta roba a jakar hannu, ka je ka gano bayin da kanka ka nuna mashi hanya. In jagora ya ce a zauna wuri ɗaya, ka bayyana wa tsohonka cewa ba a hana shi takawa ba. In kuma akwai kunya tsakaninku irin tawa da Baba, to ka biya kuɗin, ka haɗa shi da wanda zai iya buɗe wa baki, ko abokinsa ne ko ƙanensa. Ladan ba zai ragu ba don ba a gan ka a hoto ba. Bayan an dawo, in ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, kada a matsa ta, kada a tsaga ta, a tafi asibiti a ranar.

Muka koma Ketare. Baba yana sallah a zaune, yana fita zaure da sanda, in ya yi 'yar tafiya sai ya tsaya ya huta. Duk ranar gwaji ina zuwa da sassafe in ɗauke shi a motar haya. Da ƙafar ta ɗan sake tashi, Baba Ado ya ce a kira wanzami. A gaban manya na ce ba za a yi ba. Kowa ya juyo ya dube ni, don ba a taɓa jin muryata a gidan ba. Baba Ado ya ce, "Yaushe suruki ya fara yanke hukunci a gidan nan?" Baba ya ce, "Ado, bar shi. Shi ya san ciwon."

Da aka yi ruwan shuka ya sa aka kai shi bakin gona ya zauna a inuwa yana kallo. Bayan nan jikin ya fara ja baya. Ƙafafun duka biyu suka kumbura, kwanciya ta gagare shi sai a jingine. Muka koma asibiti, aka ƙara magani, likita ya ce mu kai shi gida ya huta cikin iyalinsa. Na gane abin da yake nufi.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar ya sa aka kira Baba Ado da ni. Hajiya tana bakin ƙofa. Ya ce, "Ado, in ta Allah ta kasance, Malam ne zai yi mani wanka."

Baba Ado ya ce, "Yaya, ana haka? Ga ni, ga liman, ga 'yan'uwa. Suruki ai baya yake tsayawa. Mi mutane za su ce?"

Baba ya ce, "Shi ya riga ya gani. Ba sai an ƙara wani ba."

Na ɗauka kunyar ta ƙare a asibiti, ashe tana nan, wuri kawai ya buɗe mani a cikinta.

Ya rasu da hantsi, kwanaki kaɗan bayan haka, kansa a kan cinyar Hajiya. Da aka kawo ruwa da likkafani, mutane suka dubi Baba Ado. Sai ya ɗauki butar ya ce, "Murtala, shiga. Ni zan zuba maka." Liman ya tsaya daga gefe yana faɗa mani abin da ke biye. Na naɗe hannuna da ƙyalle na fara da dama. Sai na ji bakina yana yin abin da ya saba a asibiti, ina sanar da shi kowace gaɓa kafin in taɓa ta, don ba ya son a zo mashi ba sallama. "Baba, hannu. Baba, zan juya ka." Liman ya dube ni, ya buɗe baki, sai kuma ya fasa. Baba Ado ya ci gaba da zuba ruwa har muka gama.

Allah Ya jiƙan Baba Malam Iro, Ya karɓi Umrarsa, ni kuma Ya yafe mani.